Idan maigida na da ciwon ƙwaƙwalwa kuma yana shan giya: yadda za ki riƙe gidan

Wannan rubutu na matar da mijinta ke ɗauke da lalura biyu ne a lokaci guda: ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani, da shan giyar da ya kasa bari. Ni ma irin wannan gidan nake riƙe da shi. Maigidana yana da ciwon da likitoci ke kira baifola, wanda ke ɗaga mutum har ya daina barci ya riƙa jin babu abin da ya fi ƙarfinsa, daga baya kuma ya kayar da shi cikin baƙin cikin da ko wanka ba ya iya tashi ya yi. Giyar ta shigo ne daga baya, da sunan neman barci. Mafi yawan abin da zan faɗa ya shafi har mai jin muryoyi ko mai zargin ana bin sa, kuma namijin da matarsa ce ke cikin wannan hali zai samu abin ɗauka.

Abu na farko shi ne ya fi wuya a wajenmu: ki daina ɗaukar abin ke kaɗai. An raine mu a kan cewa mace tagari ita ce mai rufa asirin mijinta. Taɓin hankali abin kunya ne a idon mutane, giya kuma ta fi shi, balle a gari irin Kano da ake aiki da Shari'a tun shekarar 2000, kowa na ganin Hisbah na farfasa kwalabe. Shi ya sa mace za ta iya cewa "Baban su ba shi da lafiya", amma ta haɗiye zancen giyar har sai abin ya kai ta ga hawan jini. Ni a ganina rufin asiri na gaskiya shi ne ki zaɓi waɗanda za su sani. Ba unguwa za ki shelanta wa ba. Likita dole ya sani. Sai namiji guda daga danginsa wanda yake jin nauyinsa, kuma wanda zai taso in kin kira shi da tsakar dare. A wajena yayansa ne. Sai kuma mutum guda daga naki dangin, wanda ke ne damuwarsa kafin kowa. In kin samu waɗannan kin rage rabin wahalar.

Ki kai shi asibitin da ya dace, ki faɗi gaskiyar giyar

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Arewa: na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Asibitocin koyarwa kuma, irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Jos, duk suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Wasu mazan da ba za su taɓa yarda su taka Dawanau ba saboda sunan da ya yi, sukan yarda su je asibitin koyarwa, tunda can kowa da abin da ya kawo shi. In ta nan zai fi sauƙin shiga, ku bi ta nan. Kuma ba sai kin ce masa "zo mu je a duba kanka" ba. Ki kama abin da shi ma yake kuka da shi, rashin barci ko faɗuwar gaba ko ciwon kai.

A gaban likita kada ki rage komai. Ki faɗi abin da yake sha, ko ta kwalba ce, ko 'yar leda mai zafi, ko burkutu, da yawan da kike zato, da lokacin da ya sha na ƙarshe. In akwai wiwi ko tiramol ko maganin tari a ciki, shi ma ki faɗa. In ba za ki iya furtawa a gabansa ba, ki rubuta a takarda ki miƙa wa nas kafin a kira ku. Dalili kuwa, cututtukan biyu suna ciyar da juna. Ciwon na tura shi ga giya, giyar na lalata barci, ta sa ya manta magani, ta tayar da ciwon. Duk wanda ya ce miki a bari ya daina sha tukuna sannan a duba kansa, ko a gyara kan tukuna giyar za ta tafi da kanta, bai san abin ba. Tare ake jan su.

Ki sayi ƙaramin littafi na 'yan makaranta. Kullum ki rubuta awa nawa ya yi barci, ya sha magani ko bai sha ba, ya dawo a buge ko lafiya, da duk wani abu baƙo da ya yi. Layi biyu ya isa. Likita na da layin mutane a waje, 'yan mintoci zai ba ku, kuma marar lafiya yakan shiga ya ce "lafiya lau, Alhamdu lillahi". Littafin nan shi ke magana a madadinki.

Kada ya yanke giya dare ɗaya a gida

Wannan nake so ki riƙe ko da kin manta sauran. Mutumin da ya daɗe yana sha kullum, jikinsa ya saba, in ya yanke lokaci guda abin zai iya kashe shi. Daga awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe hannu ke fara karkarwa, ga zufa, ga tashin zuciya, ga firgita. A cikin kwana biyun farko wasu sukan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. Mafi hatsari yakan zo a kwana na biyu zuwa na huɗu: mutum ya rikice bai san inda yake ba, yana ganin ƙwari ko macizai a bango, jiki ya yi zafi, zuciya na bugu da sauri. Mutanenmu kan ce aljanu ne suka taso don ya tuba, a rufe shi a ɗaki ana hayaƙi. Wannan halin na gadon asibiti ne, a daren, ba sai gari ya waye ba.

Na ga yadda abin ke yawan faruwa a farkon azumi, ko bayan dangi sun taru sun yi masa faɗa ya rantse da Alƙur'ani. Niyyar mai kyau ce, Allah Ya ba shi lada. Amma ranar da ya ce miki ya daina, amsarki ita ce: "Alhamdu lillahi, to mu je likita ya taimaka maka ka daina lafiya." A asibiti ana ba da magani irin su Valium da awo, ana rage shi a hankali cikin 'yan kwanaki, a haɗa da bitamin B1 wanda ke kare ƙwaƙwalwar mashayi daga lalacewa. Kada ki je kemis ki sayo Valium ki ba shi da kanki. In ya haɗu da giya a ciki yana iya tsayar da numfashi.

Haka kuma in kin ga idonsa ya yi rawaya kamar mai shawara, ko ciki ya kumbura, ko ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, hanta ce ko ciki ke zubar da jini. Asibiti kai tsaye. In kuma ya dawo a buge ya ɓingire, ki kwantar da shi a gefensa, kada a rigingine, don in amai ya zo kada ya shaƙe shi. In kin girgiza shi bai motsa ba, ko numfashinsa na yankewa, ba barci ba ne, ki nemi mota.

Zancen magani

Maganin ƙwaƙwalwa ba ya aiki kamar Panadol. Yakan ɗauki makonni kafin a ga canji sosai, kuma abin da ya fi dawo da ciwon shi ne mutum ya ji sauƙi ya ce ya warke ya ajiye. Dangi ma kan taya shi: "Wai har yanzu yana shan ƙwayoyin nan? Ai su ke kashe masa jiki." Ki ce musu yadda mai ciwon suga ba ya barin maganinsa don ya ji daɗin jikinsa, haka wannan.

Amma ki saurari kukansa a kan maganin, domin gaskiya yake faɗa. Wasu na sa barci mai nauyi, wasu ƙiba da yawan ci, wasu sanƙarewar jiki da dalalar miyau, wasu kuma su rage masa ƙarfin kusantar iyali, abin da namiji ba zai faɗa wa likita ba sai dai ya jefar da ƙwayar a ɓoye. Ki faɗa a madadinsa. Akwai magunguna da yawa, ana canzawa, ana rage awo. In wuyansa ya murɗe, ko idanu suka kafe sama, ko harshe ya fito bayan fara sabon magani, ba iska ba ce, illar magani ce, kuma a asibiti ana warware ta cikin ɗan lokaci. Ana ba da Artane ko Exol saboda sanƙarewar, sai dai ki riƙe shi a hannunki, don kin san yadda matasa suka mayar da Exol kayan maye.

In shan ƙwaya kullum ya zama rigima, ki tambayi likita zancen allura mai daɗewa a jiki, irin su Modecate, wadda ake yi bayan 'yan makonni. A gidana ita ta kawo ƙarshen faɗan "ka sha?" da "na ce miki na sha". In an ɗora shi a kan maganin baifola da ake kira litiyam, sai da gwajin jini lokaci zuwa lokaci, da shan ruwa sosai musamman a zafin bazara, kuma kada ya sha magungunan ciwon jiki irin su Brufen sai da sanin likita. Litiyam in ya yi yawa a jini yana kawo amai, gudawa, karkarwa da tangaɗi, har ki ɗauka maye ne. Ga maza masu karantawa: in matarka ce ke shan Epilim, wani maganin baifola, kuma tana shekarun haihuwa, ku yi magana da likita kafin ciki ya shiga, domin yana illa ga ɗan tayi. Kafin watan azumi kuma ku je a tsara lokutan shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur, a kuma duba ko zai iya azumin. Raba dare da ake yi a watan na iya tayar da baifola.

Addu'a, ruƙiyya da gidan mari

Ba zan taɓa ce miki ki bar addu'a ba, ita ke riƙe da ni. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, don haka zuwa asibiti ba raunin imani ba ne. A yi ruƙiyya, a yi sadaka, a sha magani. Ma'aunina guda ne: duk malamin da ya ce a ajiye maganin asibiti, ko ya ce sai an doke shi aljanin zai fita, ko ya fara nuna miki cewa kishiya ko wata a dangi ce ta yi masa sammu, na gama da shi.

Za a kawo miki shawarar gidan mari, kuma mai kawo ta zai zo da tausayi a fuskarsa. Kada ki yarda. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawa da sasari a ƙafa da tabon duka a baya, bayan nan aka buɗe wasu irinsa a Daura da wasu garuruwa. Mai shan giya kullum in aka ɗaure shi a irin wannan wuri, yankewar da na bayyana a sama ce za ta same shi ba likita a kusa. Tun farkon 2023 Najeriya na da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tabbatar wa mai wannan lalura haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci. In dangi sun matsa, ki ce kin yarda a kwantar da shi, amma a asibiti.

Ki san alamun tasowarsa, ki tsare kuɗi

Kowane marar lafiya da yadda nasa ke farawa, kuma matarsa ta fi likita saninsa. Nawa barci ne ke fara guduwa. Sai ya tashi ƙarfe biyun dare yana lissafin wani sabon kasuwanci, magana ta yi yawa, ya yi ta kiran tsofaffin abokai a waya, kyauta ta ƙaru. Wani kuma shiru zai yi, ya daina zuwa masallaci, ya daina cin abincin gida don yana zargin an sa masa wani abu. In barci ya lalace dare biyu ko uku a jere, kada ki jira ranar da aka rubuta muku a kati, ku koma.

A lokacin da yake cikin hankalinsa, ku zauna da shi da yayansa ku yi yarjejeniya, a rubuta: in an ga kaza da kaza, ya yarda a kai shi asibiti, ya yarda a karɓi makullin mota da katin ATM. Takardun gida da na fili su koma hannun amintacce a danginsa, domin a tashi ɗaya mutum na iya sayar da abin da ya shekara ashirin yana tarawa. Ranar da albashi ya shigo a fara cire kuɗin abinci, na makaranta da na magani. Ke kuma ki samu abin hannunki, ko ɗinki ne ko sayar da ƙanƙara, da asusun da ke kaɗai ke da lambarsa. Wannan ba cin amana ba ne, abincin 'ya'yansa kike tsarewa. Kuma kada ki ba shi kuɗin da kin san inda za su, kada ki biya bashin mashaya.

Yadda ake magana da shi

Ba a magana da mai maye. Duk abin da ke ranki ki bari sai da safe, bayan ya ci abinci. Ki faɗi abin da ya faru, gajere, ba zagi: "Jiya ka faɗi a ƙofar gida, yara sun gani, na ji tsoro." Gori da kuka da tara masa mutane ba sa rage sha, sukan ƙara masa dalilin komawa. Zubar da kwalaben da kika samu ma ba ya hana komai, wata zai sayo. Amma kada ki riƙa share masa hanya: in bai je aiki ba saboda ya sha, ba ke za ki kira ofis ki ce zazzaɓi ne ba. Ranar da ya dawo garau kuwa, ki nuna masa kin gani, ki zauna ku yi hira. Ina tuna wa kaina hadisin mutumin da aka sha kawowa gaban Annabi saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da ManzonSa. Mijinki ma bai fita daga rahamar Allah ba. Zai iya komawa sha bayan wata da watanni da dainawa. Haka ciwon yake, sai a koma wajen likita a sake ɗaura ɗamara.

In yana faɗin abin da babu shi, wai maƙwabta sun sa masa na'ura ko ana magana da shi ta rediyo, kada ki yi musu, kada kuma ki gaskata. Ki ce: "Ni ban ji ba, amma na ga abin ya tayar maka da hankali." Ki rage murya, ki kashe talabijin, ki fitar da yara, kada ki tsaya tsakaninsa da ƙofa.

In rai na cikin hatsari

Mai irin wannan ciwo da ke shan giya yana cikin waɗanda suka fi hatsarin kashe kansu. In ya fara cewa gara ya mutu ku huta, ko yana neman gafarar mutane ba dalili, ko yana raba kayansa, ki tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka ne?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Tun yanzu ki fitar da Sniper da fiya-fiya da maganin ɓera daga gidan, magungunansa kuma su zauna a kulle a wajenki, kina ba shi na rana. Ki ajiye lambar gaggawa ta 112, amma ki fi dogara da lambar maƙwabci mai mota ko mai adaidaita sahun da kuka saba.

In kuma ke yake duka, ciwo ba hujja ba ne da zai sa ki tsaya. Mafi yawan masu ciwon ƙwaƙwalwa ba sa dukan kowa, amma giya na canza lissafin. In ya taɓa shaƙe ki, ko ya ɗauki wuƙa, ko zargin kina cin amanarsa ya kama shi, ki kwashe yara ki fita a daren, a yi sauran magana daga gidanku. Ki ajiye 'yar jaka a wajen maƙwabciya da kuɗin mota da takardun yara. Za a ce miki "ki yi haƙuri, aure ibada ne". Haƙuri na nan, amma ba a ce ki zauna a kashe ki ba.

Yara kuwa sun san fiye da yadda kike zato. Ki gaya musu daidai hankalinsu: Baba ba shi da lafiya a kansa, yana shan magani, ba laifinku ba ne. Kada ki mayar da babban ɗanki ɗan leƙen asiri ko mai ɗauko uba daga mashaya. Ki nuna musu gidan da za su ruga in rigima ta tashi.

Saki, rabuwa, da ke kanki

Akwai abin da mata ke jin nauyin tambaya: in ya furta saki a cikin wannan hali fa? A mazhabar Malikiyya da muke bi, sakin wanda hankalinsa ya gushe saboda ciwo ba ya aukuwa, amma sanannen ra'ayi shi ne sakin wanda ya sha giya da gangan ya bugu yana aukuwa. Mijinki yana da duka biyun, don haka kada ki yanke wa kanki hukunci, kada kuma ki yi shiru ki ci gaba da zama cikin shakka. Ki je wajen malami masanin fiƙihu ko alƙali, da bayanin likita a hannu.

Shari'a kuma ta ba mace damar neman rabuwa a gaban alƙali saboda cutarwa ko rashin ciyarwa. Na san waɗanda suka zauna, na san waɗanda suka fita, ban ga laifin ko ɗaya ba. Ni na zauna ne saboda yana karɓar allurarsa, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, kuma danginsa sun ɗauki nasu kason. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya rushe, da na sake lissafi. Akwai kuma tsaka-tsaki: ki koma gida da sharaɗin sai ya kwanta asibiti an ga canji, waliyyinki ya faɗa wa nasa dangin haka a fili.

Ki raba aikin. Yayansa ya riƙa raka shi asibiti wani lokacin, ƙannensa su haɗa kuɗin magani duk wata, Hajiya ta karɓi yara a ƙarshen mako. Ki ci gaba da zuwa Islamiyya da biki da suna, kada kunya ta kulle ki a ɗaki. Ki riƙa auna jininki. In kin ga ke ma barci ya ƙaurace miki, abinci ba ya shiga, kina kuka ba dalili har makonni, ranar da kuka je ganin likitansa ki ce a buɗe miki naki katin.